Garba Shuu da Baƙin Raminsa

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara rumfar Garba a kasuwar Haɗeja ya san abin da zai tarar in ya je karɓa. Rediyo dai ya gyaru, wannan ba a ja da shi, hannun Garba hannu ne. Amma in ka kai gida ka kunna, ba labarai, ba kiɗa, sai shuuu, kamar ana zuba gero a ƙwarya. Kafin ya miƙa maka abinka sai ya murɗa allurar ya kai ta can tsakanin tasha da tasha inda ba kowa, ya kara kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron tafsiri. Jama'a na neman tasha, shi yana neman inda babu ita. Daga nan sunan ya bi shi, har ya zama in ka ce Garba kawai sai a tambaye ka wanne.

Ni ne Kallamu mai banda, ga waɗanda suka manta fuskata amma ba su manta warin rigata ba. Rumfata na jingine da tasa, zana ɗaya ta raba mu. Kuma taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka duk abin da zan faɗa a kansa da izinin kakanni nake faɗa. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, har ya koma ga Allah ba a yanke shari'ar ba. Boko kuwa aji uku na yi a elemantare, na huɗun muka kalli juna ni da shi muka ga ba za mu daidaita ba. To bayanin sama da za ku ji daga bakina ku karɓa da haƙuri. Yadda aka auna mini nake auna muku, har da tsakuwar.

Na tuna wani makiyayi daga wajen Birniwa da ya dawo da rediyonsa a rataye, ransa a ɓace.

Ya ce, "Malam, akwatin nan da ka gyara ya daina magana."

Garba ya ce, "Yana magana."

"To ni ban ji ba."

"Ba Fulatanci yake yi ba, shi ya sa."

"Wane yare yake yi?"

Garba ya nuna sama da sukundireba. "Na can."

Mutumin ya ɗaga kai ya dubi rufin rumfa, ya dubi Garba, ya ce, "Ni dai don Allah mayar mini da mai goge."

Ba haka Garba yake tun asali ba. Da can mutum ne kamar kowa, sai dai rowar batir, wadda da ita aka haife shi. Batir ya mutu a hannun kowa, amma ban da hannun Garba. Ya shanya shi a rana, ya cije shi, ya juya shi, ya yi masa lallashi, sai ya ƙara tatsar mako guda a jikinsa. Abin ya canja ne a shekarun farin nan da shanu suka yi ta faɗuwa a hanyar Gashuwa. A lokacin matarsa Kaltume ta rasu, ɗansu tilo Habu kuma ya bi 'yan uwansa Legas neman aikin kamfani. Gida ya yi masa faɗi. Sai ya riƙa barin rediyo a kunne a tashar Turawa, ba don komai ba sai don a ji murya a tsakar gida. Turancinsa na Sabon Garin Kano ne, inda ya koyi gyara, yana kama rabi, rabi ya wuce shi. A cikin rabin da ya kama ne wata rana ya kamo mana wannan jidali.

Da safe ya ɗaga zana ya leƙo. "Bawana, ajiye kifin nan ka ji."

Na ce, "Kifi ba ya hana kunne aiki."

Ya ce can nesa, bayan Zara, bayan Kaza da 'Ya'yanta, bayan duk wani tauraro da kakanninmu suka raɗa wa suna, akwai wasu fitilu da masana suka gano. Da kunnen rediyo aka fara jin su kafin a gan su da madubin hangen nesa. Kweza ake ce musu, ko wani abu mai kama da haka, harshena bai taɓa zama daidai a kansa ba. Fitila ɗaya ta fi tarin taurari haske. A tsakiyar kowace kuma, in ji masanan, akwai rami baƙi ƙirin mai nauyin da ya ninka na rana ninkin ba ninkin, abin da duk ya faɗa ciki ya tafi ke nan, ko haske ne.

Na ce, "Tsaya. In haske ma ba ya fita, ta yaya ya zama fitila?"

Idonsa ya kawo ruwa don daɗi. Ya gyara zama ya ce, "Yauwa. Wannan shi ne kashi na biyu." Sai ga wata mata tana taya tarwaɗa, na juya na bar shi da baki buɗe.

To ku riƙe wannan, domin shi ne dukan labarin Garba. Bayaninsa kashi uku ne: rami, hasken ɓoye, da mashi. Burinsa a duniya, bayan cikawa da imani, mutum ɗaya ya zauna ya ji ukun nan daga farko har ƙarshe. Mutum ɗaya tak. Bai nemi a yarda ba, a ji kawai. Kuma garin nan kaf, mai yawan mazauna gindin bishiya, aka rasa. Wanzami ya ji kashi na ɗaya ya fi a ƙirga, domin shi ba ya iya gudu da aska a hannu. Liman ya ji rabinsa ya ce Wanda Ya halicci sauro ba abin da zai gagare Shi, ya tashi alwala. 'Yan majalisar ƙofar gidan mai unguwa kuwa, da sun hango shi sai ka ji an ce, "Ga rami nan tafe," kowa ya tuna yana da aiki. Wasu suka ce iska ce ta taɓa shi. Ni na ce musu ba iska ba ce, iska tana lafawa.

Kashi na biyu da rigata na biya kuɗin jin sa.

Wani azumi na ɗinka riga 'yar rini, an buga ta tana ƙyalli kamar bayan hankaka. Gidana kuwa kun sani, ko tabarma ta kwana ɗaya sai ta tashi da warin banda. Sai na kai wa Garba ajiya, na ce ya sa mini a akwati har Sallah. Jajibiri na je karɓa, ya ce in biyo shi kan soro. Na hau. Ga rigata a shimfiɗe a rana, an danne ta da filaya, da sukundireba, da batura a jere, da murfin tukunya a tsakiya. Ya ɗauke kayan ɗaya bayan ɗaya a hankali, kamar mai buɗe kayan lefe. Duk inda ƙarfe ya rufe, shuni na nan baƙi. Sauran kuwa ya koɗe ya koma kalar toka.

Ya ce, "Ka gani?"

Na ce, "Na gani, Garba. Wallahi na gani."

"Ba zafi ne ya ci launin nan ba. Ka san bakan gizo? Bayan launinsa na ƙarshe akwai wani launi da ido ba ya kamawa. Yana nan, yana aiki, amma ba ka ganin sa. Shi ne hasken ɓoye. Shi ya ci rigarka."

"Ni na san wanda ya ci rigata, kuma ina ganin sa."

Ko a jikinsa. Ya ce kayan da ramin ke ja ba sa faɗawa kai tsaye. Kewaya bakin ramin suke yi, suna gugar juna, suna zafi, har su yi zafin da ya wuce ja, ya wuce fari, ya kai ga wannan hasken ɓoyen. Ramin baƙi ne, gefensa ne fitila. Abincin ne ke haske kafin a haɗiye shi.

Na ce, "Cewa rana na cin rini, tsohuwata ma ta sani, kuma ba ta taɓa ɓata rigar kowa don ta tabbatar ba."

Ya ce, "Ta san yana ci, ba ta san sunan mai cin ba. Zauna, saura mashi."

Na naɗe rigata na sauko. Da ita na je Idi, domin ba ni da wata. Na yi sallah a sahu da hoton filaya a kafaɗa da murfin tukunya a gadon baya. Wani tsoho a bayana ya taɓo ni bayan sallama ya tambaya ko sabon aikin Kano ne. Na ce masa na sama ne.

Mashin nan shi ya fi ba shi wahala, domin ya rasa abin da zai kwatanta shi da shi. Abin da ya ji shi ne, wasu daga cikin fitilun suna harbo wani dogon haske siriri daga tsakiyarsu, miƙe sak, ya yi tafiyar da hankali ba ya ɗauka. Rami yana haɗiya, amma ga wani abu yana kuɓucewa ta sama. Garba ya rantse sai ya ga irin wannan da idonsa a ƙasa, domin a cewarsa Allah ba Ya yin abu a sama bai bar misalinsa a ƙasa ba.

Wata damina da kogi ya cika ya shafe fadama, ya matsa mini sai na raka shi wajen Guri, inda nake sarin kifi. Akwai wani lungu da ruwa biyu ke haɗuwa suna juyi kamar ana dama fura, masunta na kauce masa. Muka sami Modu, wani masunci da nake ciniki da shi, ya ɗauke mu a jirgi. Garba ya zo da buhun ƙaiƙayi. Modu ya tsayar da jirgi nesa kaɗan, ya kafa gora ya riƙe.

Garba ya riƙa watsa ƙaiƙayi. Gaskiya abin ya yi kyan gani. Ƙaiƙayin ya yi zobe, na gefe na tafiya a hankali, na ciki na gudu, kumfa na tashi fari a bakin juyin, tsakiya kuma baƙi, yana zuƙewa.

Ya ce, "Ga rami. Ga fitila. Yanzu ku zuba ido, mashi zai fito."

Muka zuba ido. Ba abin da ya fito. Ya ƙara ƙaiƙayi. Shiru. Ya zazzage buhun duka, ya leƙa don ya ga ko daga ƙasa abin yake shirin tasowa, sai hularsa ta zame ta faɗa. Muna kallo ta shiga layi, ta kewaya, ta kewaya, ta ƙara sauri, ta yi mana sallama.

Modu ya ce, "Malam, in kawo ƙugiya?"

Garba ya ɗaga hannu. "Kada ka taɓa. An ba shi babban abinci yanzu. Dole ya harbo wani abu."

Muka zauna har rana ta yi ja, sauro ya fara karɓar haraji. Modu ya yi mini magana ƙasa-ƙasa, "Ɗan'uwan nan naka, a gida ma haka yake?" Na ce a gida ya fi haka, yau don yana baƙunta ne. A hanyar dawowa Garba ya so ya yi amfani da damar, tunda a jirgi ba mai gudu. Ya fara daga rami. Kafin ya kai hasken ɓoye Modu ya tsunduma ruwa ya ce zai duba wata koma da ya kafa.

Bayan kwanaki sai ga wani masunci a kasuwa da hular Garba a kansa, ya ce a can ƙasa ya tsince ta a cikin ciyawa. Na kira Garba na nuna masa. Ya daɗe yana kallon ta.

Ya ce, "Ta dai fito. Hanya ce ba ta bi daidai ba."

Sau ɗaya ya kusa samun mutuminsa. Aka kawo wani saurayi ɗan bautar ƙasa yana koyar da kimiyya a wata makaranta a nan gari, ɗan kudu, mai ladabi, Hausarsa tana tafiya da sanda. Ya kawo rediyo gyara, Garba ya jefa masa kalmar kweza, yaron ya ce ya taɓa karantawa. Ranar Garba bai ci abinci ba. Ya gayyace shi gida, ya share tsakar gida da kansa, ya sayi shayi da burodi, abin da ko ranar sunan Habu ban ga ya yi da sakin fuska haka ba. Har sabon batir ya saya. Ni aka kira in zama shaida.

Malamin ya ji kashi na ɗaya yana gyaɗa kai. Ya ji na biyu ya ce haka ne, haka masana suke zato. Sannan ya dubi rediyon da ke ta shuu a gefe, ya ce cikin girmamawa, "Baba, amma wannan akwatin ba zai kamo su ba. Muryarsu ta yi ƙasa sosai. Sai da faranti babba, kamar gona. Wannan shuu ɗin yawanci na cikin akwatin ne da na iska."

Na ce a raina yau rami ya rufta da mai shi. Garba ya juya kofi a hannunsa. Can ya ce, "Na sani, ɗana. Ni na haɗa cikin akwatin nan, na san kukansa."

"To me ya sa kake saurare?"

"In wata rana suka ɗaga murya, wa zai fara ji a Haɗeja?"

Yaron ya yi dariya har ya ƙware. Ya duba agogo ya ce yana da darasi, amma lallai zai dawo ya ji na uku. Na yarda da niyya ya faɗa. Sai dai kafin ya waiwayo wa'adinsa ya cika, motar Kano ta ɗauke shi. Garba ya daɗe yana ajiye ragowar ganyen shayin nan a gwangwani, ba ya bari a taɓa.

Abin da ya tsinta daga ziyarar shi ne maganar faranti. Ya ɗauko babban daron da Kaltume ke wanki da shi, ya ɗora a kan soro yana kallon sama, ya ja waya daga gindinsa zuwa eriya. Damina ta zo daro ya cika da ruwa, kurciyoyi da buwa suka mai da shi mashaya. Na ce, "Bawana, gonar taka ta zama tafki." Ya ce, "Ka dai ga an fara samun baƙi daga sama."

Daga nan zamani ya juya masa baya. Kuɗin mai ya shigo, kowa ya zama ɗan kwangila ko ɗan'uwan ɗan kwangila. Rediyo ya lalace, a jefar a sayi sabo mai kaset. Rumfar Garba ta koma wurin hutawar ƙudajen da suka gaji da tawa. Samari suka watse Kano da Legas, majalisar da ke gudun sa ma ta ragu, har ya zama babu mai gudun. Aka gina madatsar ruwa can wajen Kano, kogi ya rage zuwa, juyin nan na wajen Guri ya kwanta ya zama wurin wankan yara. Habu bai zo ba, amma ya aiko da wani ƙaton rediyo mai tashoshi kamar haƙoran kada. Na ɗauka Garba zai ji haushi. Ya kunna, ya wuce tashoshin duka, ya sami inda ba kowa, ya saurara.

Ya ce, "Yaron nan yana da hankali. Shuu ɗin wannan ya fi faɗi."



Da ciwo ya kwantar da shi, nakan biya bayan azahar in kai masa romon kifi. Wata Juma'a na tarar an fito da shi inuwar zaure, a jingine da bango, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. A gabansa ga wata tsohuwar taskirar kaɗi da na sani tun zamanin Kaltume, da mazarinta, da ɗan curin auduga da ya yi ja don daɗewa.

Ya ce, "Kallamu, yau ba kasuwa."

Bai ce bawana ba. Na duba hagu na duba dama, ba mai taya kifi, ba kogin da zan faɗa. Na cire takalmi na zauna. Na ce, "Bismilla. Amma in ka taɓa rigata zan tashi."

Ya fara daga rami, kamar ban taɓa ji ba. Na bar shi. Ya zo hasken ɓoye, muryarsa na yankewa yana hutawa. Sannan ya ɗauki mazarin, ya kafa ƙasansa a taskira, ya murza. Mazarin ya faɗi. Ya sake. A karo na gaba ya tsaya yana juyi, gululun yumɓun da ke gindinsa yana kewayawa, zare kuma ya miƙe daga tsininsa ya yi sama zuwa yatsunsa.

Ya ce, "Dubi. Na je har Guri neman sa, ashe yana ƙarƙashin gado. Ba mashi ba ne, Kallamu, zare ne. Abu na juyawa a kwance, wani abu siriri na fita ta tsakiyarsa a tsaye. Shekara da shekaru matar nan tana yin sa a gabana, ina can ina fama da dalma."

Na ce, "To na gani. Sai me?"

"Sai tambaya. Fitilun nan duk suna da hasken ɓoye, domin duk suna ci. Amma ba duka ke da zare ba, kaɗan ne. To zaren daga cin yake? In gefen rami ya ƙara haske, zaren ma yana ƙara ƙarfi, ko kowanne harkar gabansa yake yi? Kaltume takan ce yawan auduga ba shi ne zare ba, sai mazari ya juyu. Wataƙila can ma haka ne. Wataƙila kuma ba haka ba ne."

Na jira. Ya ajiye mazarin.

Na ce, "Ina jin ka. Amsar fa?"

"Babu. Ƙarshen ke nan."

"Masanan fa?"

"Su ma suna kai."

Na dube shi da kyau. Na ce, "Garba, ka ci mini riga, ka ba sauro jinina, ka kori majalisa guda daga gindin bishiya, ashe ƙarshen abin tambaya ce?"

Ya yi 'yar dariya da ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Da amsa ce ai da na riƙe abata na yi shiru. Amsa mutum ɗaya ya ishe ta. Tambaya ce ba ta zama sai da mutum biyu."

Zauren ya yi tsit, sai rediyon Habu can ciki yana ta aikinsa. Na ga in na bar shirun nan ya daɗe zai kai mu inda ba mu shirya ba. Sai na gyara murya na ce ni a nawa ilimin, na aji uku, cin ne ke kawo zaren, domin na shekara ina kallon murhun banda, kuma ban taɓa ganin hayaƙi ya yi tsawo ba tare da an ƙara itace ba.

Ya ɗago kai. "Hayaƙi daban, zare daban. Hayaƙi yana watsewa."

"In ba iska yana miƙewa."

"To me ya sa wani murhun ke ci ba ya hayaƙi?"

"Itacen bushasshe ne."

"Kai jahili ne, bawana."

"Na gaji jahilcin daga wajen kawuna."

Haka muka yi ta yi har aka kira la'asar, ya ce juyi, na ce ci. Jini ya dawo masa fuska, har ya shanye romon bai sani ba. Da zan tafi ya ce gobe in zo da hujja mai ƙarfi, wannan ta yau ba ta da ƙashi. Na zo gobe, na zo jibi, muna musu. Ba a rufa mako biyu ba na zo da wata sabuwar hujja da na kwana ina gyara ta, na tarar da mutane a ƙofar gida.

Habu ya iso bayan an yi bakwai. Ya rasa abin da zai yi da kayan rumfa, ya ce in ɗauki abin da nake so. Na ɗauki rediyon da taskirar. Daron na bar wa tsuntsaye.

Yanzu idona ya yi rauni, banda ma na bar wa yara. In na idar da azahar nakan zauna a zaure in kunna rediyon in kai shi inda ba kowa. Jikokina su ce, "Kaka, ba tasha a nan." In ce na sani. In na ce su zauna in ba su labarin wani rami, sai kowa ya tuna an aike shi. Mafi haƙurinsu ta kai rabin hasken ɓoye. Hujjar nan tawa kuwa tana nan a bakina, ban sami wanda zan kayar da ita ba, kuma na rantse da ya ji ta da ya sallama, ko da yake na san ba zai sallama ba.

Allah Ya jiƙan Garba, Ya yafe masa, ni dai na yafe rigar. Allah Ya haskaka kabarinsa da hasken da ido ke gani da wanda ba ya gani, Ya sada shi da Kaltume, Ya sanar da shi amsar da ya rasa a nan. In tamu ta zo Allah Ya sa mu cika da imani, Ya zaunar da ni kusa da shi, ko da zana ɗaya ce a tsakani. Amin.